Yayen da Ya Ƙi Ƙarewa

Da aka zo ɗaukar yarinyar yaye, cewa aka yi kafin gero ya fitar da kai za a dawo da ita. Gero ya fitar da kai, aka girbe, aka cinye, aka sake shuka wani, ga shi har an fara ɗaurin dawa, ba wanda ya dawo wa Afiniki da kowa.

Ciki ne ya jawo. Yarinyar tana tsaka da shan nono Afiniki ta fara tofar da yawu. Da labari ya kai wa surukarta Inna Liyatu a Gidan Barmo, can bayan Fagam, ba ta yi aike ba, da ƙafarta ta zo Birnin Kudu. Ta ce nonon mai ciki ba ya yi wa yaro alheri. Ta kwana, da safe ta goya jikarta, ta ɗora ƙunshin kaya a ka, Habila mijin Afiniki, autan Inna, ya raka su tasha. Afiniki ba ta raka ba. Tana tsugune gindin murhu tana fifita wutar da ta riga ta kama, har kukan yarinyar ya sha kwana ya ɓace. Ba a jima ba cikin ya zube. Ta tashi ba na goye, ba na ciki.

Kunya biyu ce ta haɗu mata a kan yarinya ɗaya. 'Yar fari ce, uwa kuwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta ɗaukarta a gaban manya, ba ta tambayar lafiyarta sai a kewaye. Sannan sunan Inna aka sa mata, Liyatu, sunan da matar ɗa ba ta isa ta furta ba. Inna na kiranta Takwara, kowa ya bi. Afiniki kuwa ko Takwarar ba ta iya cewa. "Yarinyar nan," ko "mutuniyar Inna," iyakarta ke nan. Kakanninsu sun karɓi bishara tun kafin a haife ta, an daina yanka wa kan gida, iskan da ake bauta wa, akuya, an daina dafa giya, amma kunyar ɗan fari ba wanda ya ce a bari. Da ita aka shiga majami'a, aka zauna da ita a benci ɗaya.

Habila malamin gona ne. A Kano suka yi zaman farko, sai aka yanke sabuwar jiha, aka ce kowane ma'aikaci ya koma inda aka binne cibiyarsa. Aka turo shi Birnin Kudu a lokacin da ma'aikata suka cika gari ana rububin ɗakin haya. Da ƙyar suka samu ciki ɗaya a gidan Alhaji Hadi mai motoci, kusa da zaure. Habila kan hau babur tun da safe ya nufi Kangire ko Yalwan Damai, sai yamma. Afiniki ta share ɗaki, ta wanke kwanonin da ba su taka kara sun karya ba, ta sake wanke rigar da ba ta yi datti ba, sai rana ta tsaya mata cak a tsakar gida ta ƙi gusawa.

Abin da ke gare ta waƙa ce. Ba zama take yi ta ce za ta tsara ba, da kanta take zuwa, a bakin tsintsiya ko a igiyar guga. Duk abin da hannunta ya taɓa sai ta juya shi ta kai gaban Ubangiji. In tana tsintar shinkafa ta roƙe Shi Ya tsince ta haka, kada Ya watsar da ita tare da tsakuwa. In guga ya tsinke ya faɗa rijiya ta ce ita ce, Mai Ceto Ya zuro ƙugiya. Matan Zumunta na ƙaramar majami'arsu ta bayan gari sun san ta da wannan, wasu waƙoƙin nata ma sun bi bakin mutane sun isa ƙauye ba tare da ita ba.

Wata yamma Habila ya dawo daga gaida Inna, ya zauna bakin gado yana kwance igiyar takalmi yana ba da labari. Dawa ta yi kyau. An sa ranar Godiya ta kaka a majami'a. Mutuniyar Inna ta yi baki, ba ta barin kowa ya gama magana.

"Sai dai ɗan gidan Manu na kwance," in ji shi. "Kurkunu. Shi da wasu."

Afiniki ta ajiye ludayi. "Kurkunu kuma? Ba rijiya suke sha ba?"

"Ta rufta da damina. Tafki ake ɗiba kafin a yi gayyar haƙa wata."

"Ƙyallen tace ruwan da na ba ka fa, wanda ma'aikatan lafiya suka raba?"

Ya yi 'yar dariya. "Inna ta ce ba ta taɓa samun abin tatar koko mai kyansa ba. Ta ce a gode miki."

"Malam, har ƙananan yara yana kamawa."

"Ni ma ruwan na sha na girma."

"Na sani. Kullum ina ganin tabon a idon sawunka."

Ya janye ƙafar ƙarƙashin gado. "To me kike so in yi? In je in tsaya gaban mahaifiyata in ce ba ni 'yata? Da wane bakin? Tun da Baba ya rasu ita kaɗai ce a sashen nan. Yarinyar ce ke sa ta hura wuta."

"Ni ban ce komai ba."

"Gara da ba ki ce ba."

Afiniki ta taɓa gwada matar Fasto, a kewaye, kamar labarin wata take bayarwa. Matar Fasto ta dafa kafaɗarta ta tuna mata Hannatu ta cikin Littafi Mai Tsarki, wadda ta yaye ɗanta ta kai shi ɗakin Ubangiji ta baro, Allah Ya ba ta waɗansu. Afiniki ta ce amin. A hanyar gida ta yi ta juya maganar. Hannatu da bakinta ta yi alkawari, da ƙafarta ta kai, kuma ba a ce akwai tafki a inda ta kai shi ba.

Washegarin labarin kurkunun tana shara, ba ta ma san muryarta ta fito ba:

*Na share ɗaki, ba wanda ya ɓata,*
*Ya Ubangiji, tsabtar nan ta ishe ni.*
*Tabarma a naɗe, ƙoƙo a kife,*
*Aiko mai ɓarna ta watsa mini gari.*

"Wace ce ake so ta zo ta watsa garin?"

Hajiya Batulu ce, matar gidan, tana zaune gindin darbejiya da ƙaton kwano a gabanta tana matsar man gyaɗa.

"Waƙa ce kawai, Hajiya."

"Waƙa ce kawai. Ni da na yi furfura a gidan miji za ki gaya wa haka. Zo ki kama mini tunkuzar nan, hannunki ba abin da yake yi sai goge ƙasar Alhaji."

Afiniki ta zo ta durƙusa ta kama. Da mai ya fara tsattsafowa tsakanin yatsunta, maganar ma ta tsattsafo, a karkace, ba suna ba komai. Rijiya ta rufta a wani ƙauye. Akwai yara a ƙauyen.

Hajiya ta saurara har ƙarshe. "Ashe ku ma kuna da wannan ciwon. Na ɗauka da kuka bi Annabi Isa an yafe muku."

"Ba a yafe ba."

"Babban nawa, mai jan motar Kano, sai da ya yi kaciya na san ɗumin jikinsa. Har gobe Yaya yake ce mini." Ta sharce mai da gefen hannu ta zuba a kwalba. "Amma mu a da muna da kotu. Dutsen niƙa. Ki durƙusa ki kama niƙa, ki rera duk abin da ke cin ki, uwar miji na ɗaki tana ji, shi ma gogan yana ji. Ba mai cewa kin yi rashin kunya, ai dutse kike gaya wa. Wani sa'in kafin gari ya yi laushi an gyara. Yanzu inji ya zo ya cinye mana kotun."

"Mu ma Fagam ake kai niƙa."

"Ke da kike da dutse a majami'a? Ba ku ne kuke buga tulu kuna rerawa ba? Ina jiyo ku in iska ta juyo."

"Wannan na Allah ne, Hajiya."

"Yarinyar fa, ta wa ce?"

Afiniki ta ci gaba da matsa har tunkuzar ta bushe a hannunta.

A makon ne saƙo ya zo daga uwar Zumunta ta Gidan Barmo, a ce wa matar Habila in za ta zo Godiya kada ta zo hannu rabbana, ta taho musu da sabuwar waƙa. Afiniki ta kwana biyu tana kokawa da zuciyarta. Ɗakin Ubangiji ba wurin habaici ba ne, ta sani, kuma ba ta son ta miƙa Masa yabo da ƙaya a ciki. Ta yi addu'a a kan Ya ba ta waƙar dawa da gero kamar ta kowa, wadda za a yi rawa a watse. Ba ta zo ba. Abin da ya zo, tana tsaka da wanki, labarin Maryamu ne, ranar da suka baro idi ta duba cikin ayari ba ta ga Yesu ba. Tun tana makarantar Lahadi take jin labarin, amma sai ranar ta lura da abu ɗaya: ɗan fari ne. Maryamu ta bi dangi tana tambaya ido da ido, ta koma birni da ƙafarta, da ta same shi a tsakiyar malamai masu furfura ta yi masa magana kowa na ji. Ba inda aka ce wani ya ce mata marar kunya.

Ta tsaya da sabulu a hannu. Ta ce a ranta, Maryamu kaɗai za ta rera, ba za ta ƙara ko kalma ba. Ba ƙarya a ciki, ba zagi. Mai kunne ya ji.

Ran Asabar ita da Habila suka shiga a-kori-kurar Gwadabe, direban Alhaji Hadi mai jigilar Gwaram da Fagam. Ya ba ta gaba don darajar Hajiya.

"Matar Malam, yau za a je a ga 'ya ke nan," in ji shi, yana murza sitiyari. "Au, tuba nake. Za a je a ga dawa."

Habila ya yi dariya. Suka yi da shi gobe in ya juyo daga Fagam bayan la'asar zai tsaya musu a bakin hanya, don Litinin akwai aiki.

A ƙofar ɗakin Inna Afiniki ta durƙusa ta yi gaisuwa mai tsawo, kanta a ƙasa. Tana cikin amsa ya gajiya ya mutanen birni sai ga wasu ƙananan ƙafafu sun tsaya a gefen idonta, jiƙe da laka har ƙauri.

"Takwara, daga ina? Kin bi su tafki ko? Zo ki gaida baƙi."

"Wace ce?" in ji wata 'yar murya da Afiniki ba ta taɓa ji tana haɗa magana ba.

"Matar Auta ce."

Ƙafafun suka juya suka nufi randa. Afiniki ta ji ƙarar moɗa, ta ji kwat-kwat ɗin maƙogwaro. Ta saci kallon ƙaurin da idon sawun. Ba ƙurji, ba kumburi. Amma ta san halin abin, sai ya shekara a jiki yana kwance kafin ya huda fata. Ta ce, "Mun same ku lafiya, Inna?" karo na biyu, don ba ta san me za ta yi da bakinta ba.

Ran Lahadi majami'a ta cika har tagogi. A gaban bagade an tara dammunan dawa da gero, kabewa, buhun gyaɗa, kaji a ɗaure suna haki. Maza a dama, mata a hagu, matan Zumunta sun yi anko. Inna na bencin gaba da Takwara a cinya. Bayan an kai baiko, sadakar da ake tarawa a majami'a, uwar Zumunta ta miƙe ta ce 'yarsu ta birni ta zo musu da tsaraba. Mai tulu ta gyara zama ta ɗora matashin bugu a bakin tulun, masu caki suka karkaɗa. Afiniki ta fito, ta koya musu amshi sau ɗaya suka cafke, *Nemi naki, Maryamu, nemi naki*, sannan ta ɗaga murya:

*Maryamu ta baro idi da ayari,*
*Ta waiga baya, ba ɗanta a hanya.*

*Ɗan fari ne, ba ta sunkuyar da kai ba,*
*Ta bi dangi tana kiran sunansa.*

*Gaban malamai, gaban masu furfura,*
*Ta ce ɗana, ba wanda ya ce ta yi laifi.*

*Kaza ba ta ware na fari a 'ya'yanta,*
*In shaho ya kewayo duka take rufewa.*

Waƙa ta kama. Wata ta rangaɗa guɗa, tsofaffi biyu suka fito suna taka rawa da kan dawa a hannu, har ɓangaren maza ana gyaɗa kai. Afiniki ta dubi bencin gaba. Inna na amshi da ƙarfi, ta kama hannuwan Takwara tana tafa mata su, fuskarta fes. Ko ba ta ji ba, ko ta ji ta ƙi ji. Afiniki ta ga waƙarta tana zamewa daga hannunta tana zama ta kowa, wadda za a rera a bikin aure da wajen sussuka, a ce kai matar Habila ta iya. Gobe war haka tana Birnin Kudu tana shara, moɗa kuwa tana nan a bakin randa.

Tulu ya zagayo inda za ta rufe. Ba ta rufe ba.

*Ya Yesu, Kai da uwarka ta nema,*
*Ni ma na waiga, bayana ba kowa.*
*Tawa tana shan ruwan tafki,*
*Liyatu nake kira, Liyatu 'yata.*

Rabin matan sun yi amshi don baki ya saba, sauran suka bar shi a maƙogwaro. Hannun mai tulu ya tsaya a sama. Wata kaza ta yi kuka a gaban bagade, kowa ya ji ta. A ɓangaren maza Habila ya sa kansa tsakanin gwiwoyi.

Inna ta miƙe a hankali. Ta juya yarinyar ta goya, ta ɗaure zani tamau, ta tako har tsakiyar fili ta tsaya daura da Afiniki, ba ta dube ta ba.

"Buga," ta ce wa mai tulu.

Muryar tsohuwa ce, ta dushe, amma ta san inda ake sa ƙafa a kiɗa:

*Mai shuka ta shuka ta tafi birni,*
*Wa ya yi noma, wa ya kori tsuntsu?*
*Na tauna na ba ta, na goya na jijjiga,*
*Ranar ƙyanda bayana ne ya ɗau zafi.*
*Ya Ubangiji, na haifa gari ya kwashe,*
*Guda ɗaya Ka bar mini in ji motsi.*

Tsofaffin suka amsa mata da *haka ne, haka ne*, wasu na share ido da bakin mayafi. Afiniki na tsaye kamar an dasa ta. Ƙyanda. Yarinyar ta yi ƙyanda, ta kwanta, ta tashi, ita tana can tana wanke rigar da ba ta yi datti ba, ba wanda ya gaya mata. Ta nemi ƙarya a cikin waƙar Inna ba ta samu ba, kamar yadda babu a tata. Baba Fasto ya miƙe ya yi gyaran murya ya ce a sunkuyar da kai a yi addu'a, ya kuwa ja addu'ar har sai da numfashin mutane ya dawo daidai.

Bayan an ci tuwon Godiya Inna ta aika a kira ta. Tana zaune a bakin gadon kara, Takwara na manne da gefenta tana tsotsar rake.

"Zauna, matar Auta. Tun da aka kawo ki gidan nan ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinki ba. Ashe kin iya shi."

"Inna, ki gafarce ni."

"Waƙa ce. Ba a riƙe mutum da waƙa, ni ma na yi tawa." Ta kaɗe ɓawon rake daga zaninta. "Ƙyanda kuwa, kina kwance kina zubar da jini lokacin. In aika a ƙara miki?"

Afiniki ta girgiza kai.

"To ga ta nan. Ban saye ta ba, ban ɗaure ta ba. Kin kira ta a gaban Allah da mutane, kira ta a nan. In ta bi ki, ku tafi."

Afiniki ta matso da gwiwa. Sunan da ya fita da ƙarfi a majami'a yanzu da ƙyar ya fito. Yarinyar ta dube ta, ta dubi Inna, ta zagaya bayan tsohuwar ta leƙo da ido ɗaya.

"Zo mana. Zo in goya ki, mu shiga mota."

"Inna za ta?"

"Inna za ta zo daga baya."

"Ba ni zuwa."

Afiniki ta miƙa hannu ta ɗauko ta. Nauyin ya ba ta mamaki, ba shi ta sani ba. Yarinyar ta sandare kamar itace, ta banƙare, ta tsala ihu tana kiran Inna, ta ja kukan ta ja har ya ɗauke, baki a buɗe ba sauti, leɓɓan suka fara yin duhu. Inna ba ta motsa ba. Hannuwanta na kan gwiwoyinta, ba ta miƙa su ba. Afiniki ta hura wa yarinyar iska a fuska, ta sake hurawa, ta jijjiga ta, sai numfashin ya dawo da wata irin shessheƙa. Abu na farko da ta yi da ya dawo, ta miƙa hannu biyu wajen tsohuwar.

Afiniki na iya ɗaure ta a baya ta fita, ba mai tare ta, Inna ta riga ta faɗa. Ta auna hanyar, daga nan zuwa Gwaram, daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, da wannan kukan. Ta auna ɗakin kusa da zaure. Ta taɓa ganin yaron da ƙulafuci ya kama, ya ƙi ci ya ƙi sha, yana kallon ƙofa har wuyansa ya zama kamar zare. An yi wa yarinyar nan haka sau ɗaya, ranar da aka goya ta zuwa tasha, kuma lokacin ba ta yi wayo ba.

Ta sauke ta. Yarinyar ta faɗa jikin Inna ta cusa kai a hammatarta tana ajiyar zuciya.

Daga bakin hanya aka jiyo hon ɗin Gwadabe, dogo, sannan gajeru. Habila ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, bai shigo ba, bai kuma dubi kowa ba.

"Mota ta zo."

"Ka je, Malam."

"In je kamar yaya?"

"Ni zan zauna."

Ya sauke jakar. "Ki zauna ki yi me? Wa zai dafa mini? Me zan ce wa mutane?"

"Hajiya ba za ta bar ka da yunwa ba. Mutane kuwa sun riga sun ji da kunnensu."

"Har yaushe?"

"Sai ta san ni."

"In ba ta san ki ba fa?"

Hon ya sake tashi.

Inna ce ta yi magana, tana shafa bayan yarinyar. "Ɗakin Auta na nan, yana yoyo amma damina ta wuce. Sai dai ki sani, nan ba birni ba ne. Abin da aka yi yau an yi shi sau ɗaya. Daga gobe matar ɗa ce ke. Ba za ki goya ta ki ratsa tsakar gida a gaban yayyen mijinki ba."

"Na sani, Inna."

"Sunan nan kuma kin gama kiransa."

"Na ji."

"Je ka, Auta, kada Bahaushen nan ya fasa mana kunne."

Habila ya buɗe jakar ya ciro zannuwanta biyu da ɗankwali ya ajiye a kan tabarma. Ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ce wa Inna sai ya sake zagayowa, ya fita. Afiniki ba ta raka shi ba. Ta shiga ɗakin Auta ta cire ankon Zumunta ta ninke, ta ɗaura tsohon zani, ta fito ta tambayi matar yayan Habila inda geron tuwon dare yake. Aka nuna mata. Ta zuba a turmi, ta yayyafa ruwa, ta ɗau taɓarya, ta juya wa ɗakin Inna baya kamar yadda ya kamata.

Ƙugin a-kori-kurar ya tashi, ya hau tudu, ya yi nisa. Tana cikin surfe ta ji ƙananan taku sun fito daga ɗaki, sun ratso tsakar gida, sun tsaya a wani wuri a bayanta, ba kusa ba. Yayan Habila na zaune gindin rumbu yana gyaran lauje, yana fuskantar turmin. Ba ta juya ba. Ta ɗaga taɓarya ta sauke.